Shekara biyar babu haihuwa: kafin ka ƙara aure, ka je a duba ka

Wasiƙar wannan makon daga Rigasa ta zo. Ga abin da mai ita ya rubuto, bayan na rage mata tsawo:

"Assalamu alaikum Baba. Ni direban tirela ne, shekaruna 36, ina ɗaukar kaya daga Kaduna zuwa Legas, wani lokaci sai in yi sati uku ban kwana a gida ba. Shekara biyar ke nan da aurenmu, ko ɓatan wata iyalina ba ta taɓa yi ba. Sau biyu ana kai ta asibiti, an yi mata hoto da gwajin jini, aka ce ba a ga komai ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi har ta gaji. Likita ya ce ni ma in zo, ban je ba, domin ni dai lafiyata ƙalau a shimfiɗa, maniyyi yana fita da yawa kuma da kauri. Abu biyu ne ke damuna. Akwai wasu jijiyoyi da suka tattaru a ɓangaren hagu na marainana, idan na daɗe a tsaye ko a kan sitiyari sai in ji nauyi da ɗan ciwo, idan na kwanta sai su lafa. Wani mai magani a tasha ya ce basir ne ya sauko, ya ba ni gari, ya haɗa mini da na ƙarin ƙarfi. Sannan Hajiyarmu ta matsa in ƙara aure bayan Babbar Sallah, har an nuna mini yarinya. Baba, shin wanda yake biyan buƙatar iyalinsa zai iya zama shi ne mai matsala?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi maka albarka da ka cire kunya ka yi tambayar nan, domin na san ba ƙaramin nauyi ba ne namiji ya furta ta. Amsa kuwa ita ce e. Namiji yana iya kasancewa da ƙarfinsa, yana biyan buƙatar iyalinsa, maniyyi yana fita, amma jinkirin haihuwar daga wajensa yake. Na yi shekaru masu yawa ina aiki a ɗakin gwaji na asibiti a garin nan, kuma ba zan iya ƙirga mazan da suka zauna a gabana suka ce mini "ai ni lafiyata ƙalau" ba. Ba ƙarya suke yi ba. Abin da idonsu ya gani da abin da jikinsu ya gaya musu suke faɗa. Likitoci kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, kusan rabi da hannun matsalar namiji a ciki, ko ita kaɗai ko tare da ta matar. Kuma ba ku kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da wannan jarrabawa a wani lokaci na rayuwarsa.

Bari in fara da maniyyin da kake kafa hujja da shi. Kai da ka hangi mota a Maraban Jos ka san ko da kaya a cikinta, daga yadda tayoyi suka kwanta da yadda take nishi a hawa. Maniyyi ma mota ne da kaya. Ruwan da kake gani shi ne motar, ƙwayoyin haihuwa su ne kayan. Sai dai a nan kayan ba su da nauyin da zai tona kansa, domin ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da yake fita ba. Ko sun cika maƙil ko babu ko ɗaya, launin ruwan da yawansa da kaurinsa kusan duk ɗaya ne a ido. Na sha karɓar kwalba mai maniyyi fari tas mai kauri, wanda mai shi ya miƙo mini hankalinsa kwance, in ɗiga a kan gilashi, in sa a madubin gwaji, in bi lungu-lungu ina nema, fili fetal babu abin da ke motsi. Na kuma sha karɓar wanda mai shi yake ta sunkuyar da kai wai nasa ya tsinke kamar ruwa, ina leƙawa in ga ƙwayoyi suna ta iyo kamar 'ya'yan kwaɗi a kududdufi da damina, kowace da kanta da jelarta. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera kusan 20 kafin su cika milimita 1. Shi ya sa ɗan Adam bai taɓa sa su a ido ba sai a 1677, lokacin da wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Antoni fan Lewenhuk, ya duba su da madubin da ya ƙera da hannunsa.

Yanzu mu bi kayan tun daga inda ake yin su. 'Ya'yan maraina biyu su ne masana'antar. Cikin kowane a cunkushe yake da siraran bututu kamar zare, a nannaɗe, waɗanda da za a warware su a haɗa sai su yi ɗaruruwan mita. A bangon waɗannan bututun ƙwayoyin ke tsirowa, miliyoyi kowace rana, tun daga balaga har tsufa. Ba dare ɗaya suke nuna ba, kowace tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta gama siffa. Daga nan su wuce wani bututu da ke manne a bayan kowane ɗan maraina, wanda likitoci ke kira efididimis. Idan ka shafa a hankali za ka ji shi kamar tattausar igiya a bayan ƙwallon. A murɗe yake ƙwarai, amma tsawonsa ya kai kusan mita 6, wato tsawon kwantena mai ƙafa 20. A nan suke yin kamar sati biyu suna ƙarasa ƙosawa, a nan ne kuma suke samun ƙarfin iyo. Ka riƙe wannan lissafi, ɗana, domin za mu dawo kansa: abin da ya fita daga jikinka yau, kusan wata uku ke nan da aka ɗora shi.

Idan lokacin fita ya yi, wani bututu mai ƙwari, tsawonsa kusan kamu guda, shi ke ɗauke su ya haura ta matsematsi, ya shiga mara, ya zagaya bayan mafitsara. Can ne ake haɗa musu ruwa. Wasu 'yan jakunkuna biyu a bayan mafitsara su ke ba da kusan kashi biyu cikin uku na ruwan, da sukari a cikinsa wanda shi ne guzurin ƙwayoyin. Sai furostet, wata tsoka mai girman ƙaramin goro da ta kewaye hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsara, ta ƙara nata ruwan mai fari-fari. Ita ce wadda idan ta girma wa dattawa take matse musu fitsari. Maziyyin nan da aka karantar da mu a babin tsarki, shi kuma daga wasu ƙananan ƙwayoyi biyu yake fitowa a ƙasan furostet, aikinsa share hanya daga tsamin fitsari. A daidai lokacin fitar maniyyi ƙofar mafitsara tana rufewa gam, shi ya sa ba sa gauraya da fitsari ko da yake ƙofar fitarsu ɗaya ce. Maniyyi yana fitowa da kauri, bayan minti 15 zuwa 30 kuma ya narke ya koma ruwa-ruwa, domin ƙwayoyin su sami sakewa su kama hanya. Wannan tsinkewar haka aka halicce shi. Mata da yawa suna kuka wai maniyyi ba ya zama a jikinsu, alhali ragowar ruwan ne ke dawowa bayan masu iyo sun yi gaba.

Ga abin da ya fi shafar tambayarka. Maraina aiki biyu suke yi, kuma ma'aikatan daban-daban ne. A tsakankanin bututun da ke yin ƙwayoyin haihuwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke yin sinadarin mazantaka, testosteron, su zuba shi cikin jini. Shi ne ya buɗe maka murya, ya fito maka da gemu, ya faɗaɗa maka kafaɗa, shi ne kuma ke kawo sha'awa. Dukkansu suna karɓar umarni daga wata 'yar ƙwaya mai girman wake da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Masu yin testosteron suna da juriya. Masu yin ƙwayoyin haihuwa kuwa ba sa son wahala, zafi kaɗan ko ciwo kaɗan sai su rage aiki. Tashin gaba shi ma harka ce ta daban, harkar jini ce. Cikin azzakari tsoka ce mai kama da soso, idan sha'awa ta motsa sai hanyoyin jini su buɗe, jini ya cika soson, hanyoyin komawarsa su matse. Abin da ke raunana shi galibi ciwon suga ne, da hawan jini, da taba, da damuwa. To ka ga mutum yana iya samun gemu har ƙirji, ƙarfi kamar ingarma, ruwa yana fita, amma ɓangaren da ke yin kayan ya daɗe da rage aiki, kuma babu abin da zai ji a jikinsa.

Ka taɓa tunanin me ya sa Allah Ya ajiye maraina a waje, alhali zuciya da hanta da ƙoda duk an ɓoye su a ciki? Zafi ne dalili. Cikin jiki digiri 37 ne, su kuwa ƙwayoyin haihuwa ba sa yiwuwa yadda ya kamata sai a wurin da ya fi haka sanyi da digiri 2 zuwa 3. Shi ya sa da hunturu jakar take tsukewa ta jawo su kusa da jiki, da zafin Afrilu kuma ta saki su sauka. Bayan haka an yi musu lagireto. Jijiyar da ke kawo jini mai ɗumi daga ciki, a kewaye take da ragar ƙananan jijiyoyi masu mayar da jinin da ya riga ya huce a waje, sai su shanye zafinta kafin ta iso. Waɗannan jijiyoyin mayarwa sama suke tura jini, kuma a cikinsu akwai 'yan bawul da ke hana shi komowa ƙasa. Idan bawul ɗin suka saki, jini ya riƙa taruwa, jijiyoyin su kumbura su murɗe, lagireto ya daina sanyaya injin.

Wannan shi ne abin da likitoci ke kira barikosil, kuma bayanin da ka yi ya yi kama da shi ƙwarai: tarin jijiyoyi a hagu, wanda idan aka taɓa sai a ji kamar an zuba tana a cikin leda, nauyi idan an daɗe a tsaye, lafawa idan an kwanta. Hagu ya fi kamuwa ne saboda jijiyar wannan ɓangaren ta fi tsawo, kuma a miƙe take shiga jijiyar ƙodar hagu, don haka jinin ya fi shan wahalar hawa. Kimanin maza 15 cikin 100 suna da shi, mafi yawansu kuma suna haihuwa ba tare da sun san da shi ba. Amma a cikin mazan da suka zo asibiti saboda rashin haihuwa, ana samun sa a wajen fiye da kashi ɗaya cikin uku. Yana iya rage yawan ƙwayoyin, ya rage musu motsi, wani lokaci ma ɗan marainan ya ƙanƙance. Ban ce na tabbatar maka shi ne ba, domin ba a gane ciwo ta wasiƙa. Sai likita ya sa hannu ya duba ka a tsaye da a kwance, ya ce ka yi nishi, idan da buƙata a yi hoton sikanin.

Abin da zan iya tabbatar maka shi ne ba basir ba ne. Basir kumburin jijiyoyin dubura ne, kuma babu wata hanya da zai bi ya sauko cikin jakar maraina. Mun ɗora wa basir da sanyi laifin kusan duk abin da ya sami namiji daga cibiya zuwa gwiwa, kuma wannan ya sa mutane da yawa sun makara. Kumburi a wannan wurin iri-iri ne. Akwai gwaiwa, inda hanji ke zurarowa ta matsematsi, akwai taruwar ruwa, akwai kuma ƙullutu mai tauri marar ciwo a jikin ƙwallon kansa, wanda shi ba a jira da shi ko sati ɗaya domin yana iya zama daji, kuma dajin maraina samari da matasa ya fi kamawa. Iyaye ma su ji wannan: idan yaro ya tashi da matsanancin ciwon maraina farat ɗaya, har da amai, yana iya zama igiyar da ɗan marainan ke rataye da ita ce ta murɗe ta tare jini. Awa 6 ne kawai ake da su. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Garin da aka ba ka a tasha, ina roƙonka ka ajiye shi, musamman na ƙarin ƙarfin. Kai da bakinka ka ce ba ka da matsalar ƙarfi, to me kake ƙarawa? Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗe da ake cewa na gargajiya ne zalla alhali an ɓoye maganin bature a ciki, babu awo babu ƙa'ida. Yana iya faɗar da jinin mutum, musamman mai shan maganin zuciya, yana kuma iya sa gaba ta tashi ta ƙi kwanciya, wanda idan ya wuce awa 4 yana lalata soson nan da na gaya maka. Ko da ya yi aikin da aka ce, ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya a cikin maniyyi. Haka allurar testosteron da wasu masu kemis ke yi wa maza. Ita ma illarta ta fi, domin idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini sai ta daina aika umarni, maraina su dakatar da yin ƙwayoyi.

Idan ka je, likita zai yi maka tambayoyin da ya kamata ka shirya amsarsu tun daga gida, kuma ka faɗi gaskiya. Ko ka yi hangum bayan ka balaga har maraina suka kumbura, domin yana iya ƙona bututun ciki, ko da yake galibi ɓangare ɗaya yake taɓawa. Ko an haife ka da ɗan maraina ɗaya bai sauko ba. Ko ka yi fitsarin jini na tsargiya kana yaro. Ko ka taɓa ganin ruwa mai kama da mugunya yana fita ta gaba da zafin fitsari. Ba zarginka nake yi ba, ɗana, kowa ake tambaya, saboda ciwon sanyi na gaskiya idan ba a yi maganinsa daidai ba yana barin tabo ya toshe siririn bututun nan mai mita 6, masana'anta tana aiki amma hanya a rufe. Zai tambaye ka taba, da wiwi, da tiramol da wasu direbobi ke sha don kada barci ya ɗauke su, domin duk suna taɓa ƙwayoyin. Zai kuma tambaye ka zazzaɓi. Zazzaɓi mai zafi sau ɗaya yana iya rage ƙwayoyi har na wata uku, saboda lissafin da muka yi a baya. Sana'arka ma tana da nata kason, zaman awa goma cinya a matse a kan kujera mai ɗumi. Ba na cewa ka bar tuƙi, da shi kake ci da iyali. Ka riƙa tsayawa kana taka ƙasa, ka sa wando sakakke na auduga, ka bar matsattsen gajeren wando na roba.

Gwajin kansa ba shi da allura ba shi da ciwo, kuma duk cikin gwaje-gwajen haihuwa yana cikin mafi sauƙi da araha. Idan ka kwatanta da abin da aka yi wa iyalinka sau biyu, naka ba komai ba ne. Za ka ƙaurace wa shimfiɗa kwana 2 zuwa 7. Ɗakin gwaji za su ba ka kwalbarsu mai faɗin baki, ita kaɗai za ka yi amfani da ita. Duk abin da ya fita ya shiga ciki, musamman na farko, domin a nan ƙwayoyi suka fi yawa. Ban da sabulu, ban da man shafawa, ban da kwaroron roba na kasuwa, duk suna kashe su. Na san abin da ke hana da yawa daga cikin mazanmu zuwa shi ne yadda za a fitar da shi. Ka tafi da iyalinka ta taimaka maka, wannan halas ɗinka ne, idan kuma zuciyarka ba ta natsu ba ka tambayi malamin da ka amince da shi. In a gida aka yi, dole ya isa cikin awa 1, a aljihun gaban riga kusa da jiki. Kada ka ɗora shi a gaban mota rana ta buge shi, kada kuma ka sa shi a kula. Daga Rigasa, da cunkoson safiya, ka yi lissafin hanya tun da wuri.

A takardar da za a ba ka, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 shi ake dubawa. Ruwan ya kai mililita 1.4, ƙwayoyi su kai miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 gaba ɗaya, 42 cikin 100 su zama masu motsi, 30 cikin 100 masu tafiya gaba sosai, sannan aƙalla 4 cikin 100 masu cikakkiyar siffa. Kada lambar ƙarshen nan ta tsorata ka, haka abin yake ga maza masu 'ya'ya ma. Waɗannan lambobi ba katanga ba ne, akwai waɗanda ke ƙasa da su suka haihu. Kuma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita bayan wasu makonni, wani lokaci bayan wata uku. Ka nemi likitan mafitsara, shi ne mai wannan fannin. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana nan cikin gari, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, wanda ka sha wucewa ta gabansa idan kaya suka kai ka Funtuwa.

Idan ya tabbata barikosil ne kuma ƙwayoyin sun ragu, akwai aikin da ake yi. Ana ɗan tsaga wajen matsematsi a ɗaure jijiyoyin da suka saki, jini ya koma bin wasu hanyoyin, zafi ya sauka. Ba a taɓa azzakari, ba a cire maraina, kuma ba ya rage ƙarfin namiji. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa suna ganin ci gaba a gwajinsu, amma sai bayan wata 3 zuwa 6, domin sai sabbin ƙwayoyi sun taso. Ba zan yi maka alkawarin ciki ba, wannan na Allah ne. Idan toshewa ce ko ciwo, kowanne da hanyarsa. Ko da ƙwayoyin 'yan kaɗan ne, tun 1992 likitoci a Beljiyam suka fara ɗaukar ƙwaya guda ta miji su sa a cikin ƙwan matarsa, ana kuma yin wannan aiki a Najeriya, sai dai da tsada.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ka ambata ka wuce, ni kuwa ya tsaya mini. Sati uku ba ka gida. Ƙwan mace sau ɗaya yake fita a wata, kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma bai wuce kwana ɗaya yana jira ba. Ƙwayoyin namiji suna iya yin har kwana 5 a jikinta. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki a wata ba su wuce shida ba. Idan tafiyarka kullum a kansu take faɗawa, ko duk ku biyun lafiya lau kuke sai a daɗe ana jira. Ku zauna da kalanda ku ƙirga, ka nemi maigidanka ya daidaita maka lodi.

Saura maganar Hajiya. Ƙarin aure halas ne, ba ni da bakin hana ka. Amma idan don haihuwa za a yi shi, a fara sanin inda matsalar take. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya zauna da matarsa ta fari shekara tara, dangi suna kiranta juya a gaban idonta, ranar suna idan ta ɗauki jaririn wata sai a karɓe a hannunta. Ya sake ta ya auri wata, ita ma ya sake ta. Kowacce ta je ta haihu a gidan wani. Sai da furfura ta fito masa ya zo wajena da kwalba a aljihu, bayan Asuba, don kada kowa ya gan shi. Da aka gaya masa abin da aka gani, bai tambayi magani ba, sunan matarsa ta fari ya kira, ya rufe fuska da hularsa. Har yau idan na tuna zaman nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ba na so ka zauna a wannan kujerar, ɗana. Idan matsalar daga wajenka take, za ka kawo 'yar mutane cikin jira iri ɗaya, kuma kuɗin lefe da sadaki da gyaran ɗaki su ne kuɗin da za su yi maka magani.

A Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Ya ce Yana ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Yana ba wanda Ya so 'ya'ya maza, ko Ya haɗa masa duka, kuma Yana sanya wanda Ya so ya zama marar haihuwa. Wanda Ya so aka ce, ba a ware mace ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Hajiya jika take so, kuma tana da gaskiyarta, kada ka ɗaga mata murya. Ka same ta ita kaɗai, ka durƙusa ka ce, "Hajiya, likita ya ce mu biyu za a duba, ni ban je ba tukuna. Ki yi mini haƙuri da maganar auren nan zuwa wata shida, ki sa mu a addu'a." Ba sai ka buɗe mata sirrin jikinka ba. Amma daga ranar kada ka ƙara bari a yi wa iyalinka gori a gabanka ka yi shiru. Shekara biyar tana shan ɗaci ita kaɗai, tana hawa gadon asibiti, tana rufa maka asiri.

Ita za ka fara gaya wa, tun kafin Hajiya. A dawowarka ta gaba ka ware kwana biyu, ku tafi tare da takardun gwajinta na baya, domin likita zai so ya haɗa su da naka. Idan sakamako ya fito, ka rubuto mini yawan ruwan, da adadin ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu, da abin da likita ya ce a kan jijiyoyin hagun, sai mu duba tare. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba ku masu albarka.